Hajiya, layin nan fa tun hantsi muke cikinsa

Bakansin da ya wuce na cika alkawarin da na shekara biyu ina ja wa yara rai da shi, na kwashe su munka tafi Yamai, ni da uwarsu da su huɗu da wata ɗiyar ƙanwata da anka liƙa mana ana gobe tafiya wai ai ita ba ta da nauyi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan da ƙananan yara ya san abin da nake faɗi, kilomita wajen 660 ne daga Maraɗi, ka tashi da asuba ka wuce Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kowane gari kunka shiga sai an tambaye ka "Baba mun iso?", ga kuɗin mota da ya ci rabin abin da ka tara, to mutumin da ya sha wannan wahala in ya isa wurin wasa ba ya son ko ƙuda ya ɓata wa ɗiyansa rai, shi ya sa abin da zan faɗa ya tsaya mini har yau ko da yake wasu za su ce ƙaramin abu ne.

Rana ta farko gidan tarihi na Boubou Hama munka je, wanda ke nan tun 1959, yara sunka ga zaki da dorina da kura ido da ido, sunka tsaya ƙarƙashin ƙasusuwan dinozor ɗin nan da anka haƙo a arewacin ƙasarmu baki buɗe, na nuna masu Itacen Tenere da mota ta buge a 1973, ƙaramin ya ce to me ya sa direban bai kauce ba tunda itace ɗaya ne tak a hamadar, na ce tambayar da duniya ke yi ke nan har yanzu. Ranar lafiya lau munka koma masauki.

Rana ta biyu ce munka je wani wurin wasan yara, ba sai na faɗi sunansa ba don masu wurin ba su yi mini komai ba, mu da munka je ne matsalar. Akwai lilo, akwai manej mai dawakai, akwai gidan iska da ake tsalle ciki, amma abin da yara sunka nace wa shi ne motocin karo, waɗannan ƙananan motoci masu lantarki da ake bugun juna da su. Mota takwas ce ke aiki, kowane zagaye ƴan mintoci, munka sayi tike munka shiga layi, rana na dukanmu, mun yi abin da ya fi minti arba'in muna matsawa kamar hawainiya. Gabanmu wata yarinya ce ita kaɗai, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba, shiru-shiru da ita da hijabi ruwan toka, har uwar yarana ta ba ta ruwa don tausayi. Sai da ya rage mu ne na gaba, sai ga wata Hajiya ta taso daga inuwar bedi inda sunka shimfiɗa tabarma tun ɗazu, lafaya tana jan ƙasa, bayanta yara tara, na ƙirga su wallahi tara, ta turo su gaban yarinyar tana cewa "ku shiga ku shiga, ai Yaya na riƙe maku wuri."

Na ce, "Hajiya, layin nan fa tun hantsi muke cikinsa."

Ta ce, "Haba Malam, yara ne fa."

Na ce, "Nawa ma ai ba tsofaffi ba ne."

Sai uwar yarana ta mintsine ni a hannu, wani dattijo a bayana ya dafa kafaɗata ya ce "Malam yi haƙuri, ba girmanka ba ne," shi ke nan magana ta mutu, yara goma sunka cinye zagaye ɗaya da ɗoriya, mu munka ƙara tsayuwa. Ɗiyata ta biyu mai shekara takwas ta ɗago kai ta ce "Baba su me ya sa ba su bi layi ba?" kuma har yau ban ba ta amsar da ni kaina na gamsu da ita ba, don yarinyar nan kullum da safe a lakwal sai mushe ya jera su layi kafin a ɗaga tuta, wanda ya tsallake ya sha bulala, yau ga ta tana kallon babbar mace ta yi abin da ake dukansu a kai kuma ubanta anka ba haƙuri.

Wannan haƙurin shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mu a nan duk lokacin da anka samu wanda ya taka da wanda anka taka, to wanda anka taka ake lallashi, shi ne zai yi kara, shi ne zai yi kawaici, shi ne in ya buɗe baki za a ce ba ya da kunya yana sa-in-sa da mace ko da babba. Ni ban raina kara ba, da ita munka tashi, ita ce ta sa in tsohuwa ta zo famfo ake karɓar bokitinta a fara cika mata, ita ce ta sa mai ciki ba ta tsayuwa a asibiti ana zaune. Amma kara kyauta ce, mai ita ke bayarwa, ba a ƙwace ta. Da Hajiya ta zo ta ce "Malam don Allah ga su da yawa, rana ta yi masu zafi, ko za ka bari ko huɗu su shiga", wallahi da na bari, ƙila ma duka, in koma gida ina jin na yi abin kirki. Abin da ta yi shi ne ta lissafa cewa ba wanda zai iya yi mata magana, kuma lissafinta ya fita daidai.

Abin mamaki mu fa ba baƙin sahu ba ne, sau biyar a yini muna tsayawa cikinsa, kuma ƙa'idarsa kowa ya sani, wanda ya riga zuwa shi ke gaba ko da ɗan tallan goro ne, Alhajin da ya makara ya tsaya baya. Malamai sun sha karanta mana cewa Manzon Allah (SAW) ya ga wani yana tsallake wuyan mutane ranar Juma'a ya ce masa ya zauna ya cutar da mutane, kuma an hana a tayar da mutum daga wurin zamansa don wani ya zauna, sannan wanda ya tashi daga wurinsa ya dawo shi ya fi cancanta da shi. To ka ga duk dokar layi tana cikin nan ba sai mun aro daga wani wuri ba, wanda ya fita kai yaro bayi ya dawo wurinsa na nan, wanda bai taɓa tsayuwa ba ba ya da wuri. Ko da yake, a faɗi gaskiya, ko masallacin ma mun fara lalata shi, ana aiko yaro da darduma tun ƙarfe sha ɗaya ya shimfiɗa a sahun farko, mai ita sai liman ya kusa hawa mumbari zai shigo yana ƙamshin turare. Yarinyar nan mai hijabi ruwan toka dardumar Hajiya ce kawai, kuma ita ce ta fi ba ni tausayi a duk lamarin, an bar ta cikin rana ta gasu don ƴan ɗaki su sha inuwa, ban ma san ko ɗiyar gidan ce ko ƴar riƙo ba.

Na san abin da wasu za su ce, iyalinmu ba irin na Turawa ba ne mai yara biyu, mutum ya zo da mata biyu da yara goma sha uku da goyo, ba zai yiwu a jera su duka cikin rana awa guda ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a jera jariri ba. Amma yaron da ya isa ya tuƙa motar karo ya isa ya tsaya layin motar karo, wannan dai ba ya buƙatar dogon bahasi. In ma dole ne a riƙe wuri to a faɗa wa na baya tun farko, "Malam mu goma ne fa, sauran na inuwa," in ga dama in tsaya in ga dama in tafi lilo, ba wai in yi ta lissafin saura mutum ɗaya ba ashe saura ƙauye guda.

Akwai kuma masu cewa ai mu baƙar fata haka Allah ya yi mu, ba mu san tsari ba, je ka ƙasar Turawa ka gani. Wannan magana tana ba ni haushi fiye da Hajiyar ma. Ranar da anka buɗe babban wurin wasan Disneyland a Kalifoniya, 17 ga Yuli 1955, da tike na jabu mutane sunka cika wurin maƙil, Amurkawa ne ba ƴan Sabon Gari ba. A 2015 sai da kamfanin Disney ya haramta sandar ɗaukar hoton nan da ake maƙala waya a kai saboda mutane na zaro ta ana tsakiyar gudu a sama, a 2019 sunka hana shan taba cikin wuraren wasansu na Amurka, sunka kuma ƙayyade girman keken tura jarirai, kada faɗinsa ya wuce santimita 79, tsawonsa 132, don wasu na zuwa da abu kamar amalanke suna toshe hanya suna bugun ƙafafun mutane. Ba a kafa doka a kan abin da ba a yi. Bambancin kawai can an rubuta an manna kuma ma'aikaci zai iya fitar da kai ko wane ne kai, mu a nan yaron da ke tsaron ƙofa albashinsa bai kai kuɗin lafayar Hajiya ba, ta ina zai fara. Har ma akwai wata dabara tasu da na ga za ta yi mana amfani, ƙanena da ke karatu a Faransa ya ba ni labari da ya je Disneyland ta Paris, wadda anka buɗe a 1992, in iyaye na da jaririn da ba zai iya hawa ba, ɗaya ya hau ɗaya ya riƙe jaririn, in ya sauko sai su yi musanya ba tare da na biyun ya sake bin layi ba. Ka ga sun yarda akwai uzuri sunka yi masa hanya a fili.

Amma kada a ɗauka komai nasu na yarda da shi. A 1999 sunka kawo wani tsari, FastPass, kyauta ne, ka karɓi takarda da lokaci a rubuce ka tafi yawonka ka dawo ka shiga ta gajeren layi, to daga 2021 sunka mai da abin na kuɗi, mai hali ya biya ya wuce, marar hali ya tsaya yana kallo. Na daɗe ina tunanin mene ne bambancin wannan da Alhajin da na gani ranar ya dunƙula wa mai ƙofa jika guda a hannu anka buɗe wa ɗiyansa ta gefe. Wani abokina ɗan kasuwa a nan babbar kasuwa ya ce bambanci a fili yake, wancan farashi ne a rubuce kowa na iya saye, wannan cin hanci ne, kuma na yarda da shi rabi. Sauran rabin kuwa, yaron da ke tsaye cikin rana bai san rasit ba, abin da ya gani shi ne ɗan masu kuɗi ya wuce shi, kuma zai ga wannan a asibiti, zai gani a ofis, zai gani wajen neman aiki duk tsawon rayuwarsa, da an bar masa ko wurin lilo ne ya zama inda ƙafarsa da ta ɗan Alhaji ke daidai.

Sai maganar waya, wadda ita kam ta fi layi muni a wurina. Kowa ya zo da portabul a hannu yana ɗauka, ba laifi, ni ma na ɗauki nawa, amma akwai samarin da ba ɗiyansu suke ɗauka ba don ba su zo da kowa ba, suna juya kamara kan jama'a, matar mutum ta hau lilo da ɗanta iska ta ɗaga mata mayafi tana ihu don tsoro, gobe ka ganta a TikTok an ɗora mata kiɗa ana dariya, wani a unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi ya turo wa mijinta. A garinmu irin wannan na iya kashe aure, ba wasa ba ne. Uwar yarana saboda haka ta ƙi hawa komai, ta biya kuɗin shiga ta zauna gadin jakunkuna yini guda, kuma na san a ranta tana son ta hau babban lilon nan mai kama da tayar keke don sau uku tana ce mini "ashe daga sama ana hango kogi?"

Kuma iyayen da ke tilasta wa yaro hawa abin da yake tsoro, yana kuka yana riƙe rigar uwar, uban na cewa "kai ba namiji ba ne? na biya fa", an tsayar da manej mutum ashirin na jira sai an ɗaure shi an samu hoto. Kuɗin tike dala ɗari, yaron kuma zai kwana yana firgita. Sauran ƙananan abubuwa ba sai na ja su ba, ledar piyawata da kwalin yawur a ko'ina alhali ga kwandon shara taku biyar, mutum ɗaya ya cika benci da jakunkuna tsohuwa na tsaye, ƙato mai gemu ya hau shillon yara sarƙa na kuka, wani ya tsaya wanke ƙafa da sabulu a wurin alwala ana kiran la'asar, duk an san su.

To laifi tudu ne, bari in sauko daga nawa. Akwai wani abin hawa mai juyawa da sauri da anka sa sanda a bakinsa, yaron da bai kai tsawonta ba ba ya hawa. Ɗana na uku ya gaza da kamar yatsu biyu, ya fara kumbura baki, sai na raɗa masa ya ɗan yi ɗage, na tsaya ta yadda zan kare ƙafafunsa, na kuma ja mai ƙofa da zance ina tambayarsa ko shi ɗan wane gari ne, ya wuce. Da abin ya tashi na ga yaron yana zamewa ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe su, yayarsa ta cafke masa riga, ni kuma ina ƙasa ba abin da ke fita bakina sai innalillahi, minti biyu sunka zame mini shekara. Sandar nan ba don a wulaƙanta gajeru anka sa ta ba, ƙarfen an yi shi ne daidai wani girman jiki, wanda bai kai ba zai iya sulluɓewa, shi ya sa ko can Paris akwai jirgin da sai ka kai mita 1.02, wani sai 1.20, kuma ba a roƙo. Ni da ke yi wa Hajiya wa'azin layi da hantsi ga ni da la'asar na saci hanya da ran ɗana, kuma mutanen da ke bayana sun gani sarai ba wanda ya ce uffan, su ma kara sunka yi mini. Da ɗaya ya ce "Malam yaron nan bai kai ba" da na ji haushi, na sani, ƙila ma in ce masa ina ruwanka.

Shi ya sa da na zauna na duba duk abin da ya ɓata mini rai ranar ban samu ko ɗaya da yaro ya yi ba. Yara sun yi ihu, sun yi gudu, wani ya goga mini alawa a riga, wannan ai shi ya kawo su. Duk sauran mu manya ne, mun ɗauko girmanmu da kuɗinmu da wayonmu mun shigo da su wurin da anka gina don wanda bai kai mita ɗaya da rabi ba. Ko a nan Maraɗi in sallah ta zo ka duba inda ake kafa lilo ka ga ɗaya gefen matsalar, manya ba sa zuwa sam, an ba yarinya mai shekara goma barka da sallarta da ƙanne uku da goyo a baya an ce ku je ku dawo kafin magariba, ƴan kabu-kabu na sheƙa gudu, manyan yara na ture ƙanana, da daddare a bi unguwa ana cigiya. Ko dai mun zo mun mamaye ko ba mu zo ba ɗungum, tsayawa kusa ka sa ido ka bar yaro ya yi wasansa shi ne ya gagare mu.

Ana kusa da magariba muna haɗa kaya sai munka nemi ƙaramin munka rasa, mai shekara huɗu, yanzu yana nan yanzu babu shi. Wanda bai taɓa ɓatar da ɗa a garin da ba nasa ba ba zai gane ba, uwarsa ta yar da jaka tana kiran sunansa muryarta na rawa, ni na yi wajen ƙofa na dawo na yi wajen bayi na dawo, ina ta tambayar mutane ko sun ga yaro mai riga shuɗiya, kamar minti goma ne amma na riga na fara tunanin me zan ce wa kakarsa. Can sai na hango shi ƙarƙashin bedi, zaune kan cinyar mace, an wanke masa fuska, hannu ɗaya kilishi ɗaya gorar lemo, ko kuka ba ya yi. Hajiya ce. Ta tsince shi yana yawo wajen gidan iska, ta aika biyu cikin yaran nan tara su zagaya neman iyayensa, ta ƙi tashi ko da yake direbansu na ta yi masu oda a waje.

Ta gane ni, na gane ta. Ta ce, "Malam ashe naka ne, ai da na ga goshin na ce na san mai wannan goshi," matan da ke wurin sunka kwashe da dariya. Na yi godiya har ina sarƙe harshe, uwar yarana ta durƙusa sunka gaisa, kafin ka ce me sun gano Hajiyar ƴar Tibiri ce aure ya kai ta Yamai, har sun yi musanyar lamba, ta naɗe mana sauran kilishin a takarda ta ce yara su ci a hanya, na ce a'a ta ce "karɓi mana Malam, ko shi ma sai an bi layi?"

A mota muna dawowa uwar yarana ta ce to yanzu sai ka bar maganar nan haka nan, na ce ban bari ba, yara tara ba su da wuri a layin da ba su tsaya ba ko da uwarsu waliyyiya ce. Ta ce to miƙo kilishin tunda na masu laifi ne. Na duba takardar, tun kafin Doso na cinye shi.